Na tsira daga hatsarin jirgin ƙasa, amma har yau ban dawo daidai ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai shekara 27, ina karatun digiri na biyu a wata ƙasa ta nahiyar Asiya. A hutun da ya wuce na ja ra'ayin wani abokina da muka fito daga gari ɗaya, muka tafi hawan wani ƙaramin jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido da ke ratsa duwatsu. Shi bai so zuwa ba, ni na matsa masa, har na saya masa tikiti. A kan hanyar dawowa, muna gangarowa, jirgin ya soma gudu, da ya zo wata kwana taragai biyu suka sauka daga kan dogo, namu ya kwanta a gefensa. Na fita ta taga da 'yar ƙujewa kawai. Abokina ya karye a cinya, an yi masa aiki an sa ƙarfe, ya rasa zangon karatu guda. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da mu ta rasu nan take, kuma na ga gawarta.

Yau wata huɗu ke nan ba na samun barcin kirki, in na rufe ido sai in ga taragon yana kifewa. Da na ji ƙarar birki ko ƙarfe ya gogi ƙarfe sai gabana ya faɗi, gumi ya karyo mini. Na daina hawa jirgin cikin gari da ke kai ni makaranta, wata rana in taka da ƙafa, wata rana in ƙi zuwa. Kusan kullum da dare sai na kalli bidiyon da wani fasinja ya ɗauka. Tun da aka sallami abokina na kasa zuwa duba shi saboda kunya. Mahaifina ya ce in gode wa Allah in daina raki, yayana ya ce da ma wa ya aike ni yawo, wata gwaggona kuma ta ce shafar aljanu ce. Malam, raunin imani ne ke damuna? Ni na jawo wa abokina wannan? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya ba abokinka lafiya mai ɗorewa, ya ba iyalan dattijuwar nan haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ka shafe wata huɗu kana ɗauke da wannan nauyi a ƙasar da ba taka ba, kana jin cewa ba ka da hurumin kokawa tunda ba ka karye ba. Kana da hurumi. Ka ji rauni a hatsarin nan kamar yadda abokinka ya ji, sai dai naka ba ya fitowa a hoton asibiti, kuma irin raunin nan sananne ne, yana da masu maganinsa, mutane da yawa sun warke daga gare shi.

Abubuwan da ka lissafa, wato mafarkin da ke maimaita hatsarin, da faɗuwar gaba idan ka ji ƙarar da ta yi kama da ta ranar, da gudun duk abin da zai tuna maka, da ɗora wa kai laifi, da rashin barci, su ne alamomin ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan al'amari, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan PTSD. A makonnin farko kusan kowa yakan ji wani abu daga cikinsu, kuma yawanci yana lafawa da kansa. Likitoci sukan fara kiran abin ciwo ne idan ya wuce wata guda kuma ya hana mutum harkokinsa, kai kuwa wata huɗu ke nan, ga shi har ya fara cin karatunka. Ba daga wasiƙa ake tabbatar da ciwo ba, wannan aikin likitan da zai zauna da kai ne, amma abin da ka bayyana ya isa ya kai ka gabansa ba tare da ɓata lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 4 cikin kowane 100 a duniya sun taɓa fama da wannan ciwo a rayuwarsu, saboda haka ba wani baƙon abu za ka kai wa likitan ba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A 'yan daƙiƙoƙin da taragon ya yi yana kifewa, ƙwaƙwalwarka ta haɗa ƙarar birki da jijjigar ƙarfe da gangara wuri guda, ta riƙe su a matsayin alamun mutuwa, domin ta kare ka idan abin ya sake faruwa. Shi ya sa jikinka yake amsawa tun kafin ka yi tunani, zuciya ta buga, gumi ya karyo, alhali hankalinka ya san motar haya ce kawai ta taka birki. Hausawa sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba wauta ce ke sa shi gudu ba, kuma faɗa masa cewa tsumma ne ba ya hana ƙafarsa motsawa.

Zai yiwu ka yi mamaki idan ka ji cewa a kan waɗanda suka tsira daga hatsarin jirgin ƙasa ne likitocin Turai suka fara yin nazari mai zurfi game da irin wannan hali. A shekarar 1866 wani likitan fiɗa na Landan mai suna John Erichsen ya yi rubutu a kan mutanen da suka fito daga hatsarin jirgi ba tare da rauni a bayyane ba, amma daga baya suka rasa barci, suka rasa natsuwa, suka kasa aiki. Shi ya ɗauka lakar bayansu ce ta jijjiga. A 1883 wani likitan, Herbert Page, ya kawo hujjar cewa tsananin firgita kaɗai ya isa ya haifar da hakan. Marubucin Ingila Charles Dickens yana cikin jirgin da ya yi hatsari a Staplehurst ranar 9 ga Yuni 1865, inda mutum 10 suka mutu bayan da ma'aikata suka cire ƙarafunan dogo a kan wata gada domin gyara. Ya fita lafiya, ya taimaka wa waɗanda suka ji rauni, amma 'ya'yansa sun ba da labarin cewa daga baya yakan kama rawar jiki da gumi a cikin jirgi haka kawai. Mutum ne da ya yi jarumta a ranar hatsarin, kuma hakan bai hana firgicin bin sa ba. Sai a 1980 ne aka shigar da ciwon cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka da sunan da ake kiransa yau.

Game da imani, amsata a'a ce, kuma ina so ka riƙe ta da kyau. Tsoro da baƙin ciki halitta ce ta ɗan Adam, kuma Alƙur'ani bai ɓoye su ba ko a tarihin Annabawa. A Suratul Ƙasas an ce Annabi Musa ya fita daga birni yana mai tsoro yana waige-waige. A Suratu Yusuf an ce idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin ciki, alhali shi ne ya ce sai haƙuri mai kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa, ya ce a lulluɓe shi, Nana Khadija kuma ta lulluɓe shi ta kwantar masa da hankali, ba ta ce masa yana raki ba. Godiya ga Allah da ya tsirar da kai da kuma neman magani ga abin da ya same ka ba sa karo da juna, domin a Sahihul Bukhari ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ka ci gaba da sallarka da azkar ɗinka na safe da yamma, ka karanta abin da ya sawwaƙa ka tofa a hannu ka shafa kafin barci, duk wannan alheri ne kuma yana sanyaya zuciya. Gwaggonka ƙauna ce ta sa ta neman dalili, ka karɓi addu'arta da hannu biyu. Amma kada zancen aljanu ya tsayar da kai daga ganin likita, kuma kada ka yarda wani ya karɓi kuɗinka ko ya wahalar da jikinka da sunan cire abin da ba shi ne matsalar ba.

Yanzu sai maganar laifi, wadda a ganina ita ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya, domin ita ce ta raba ka da abokinka. Ina so mu duba abin da yakan sa irin waɗannan ƙananan jirage sauka daga kan dogo, ka gani ko akwai wanda mai sayen tikiti yake da hannu a ciki.

Yawancin layukan da ke hawa duwatsu tsofaffi ne, kuma siraran dogo gare su domin su iya shan kwanoni masu tsanani. Layin Kalka zuwa Shimla a Indiya, wanda aka buɗe a 1903, faɗin dogonsa milimita 762 ne, kusan rabin faɗin layin Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435, kuma a cikin kilomita 96 yana ratsa ramukan dutse sama da 100 da kwanoni sama da 900. Mu ma an taɓa yin mai irin wannan faɗi a ƙasarmu, wato ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. A kan irin wannan layi, ƙarin gudu kaɗan a kwana ya isa ya jefar da tarago. Haka ya faru ranar 12 ga Satumba 2015, lokacin da wani jirgi da aka yi shata domin 'yan yawon buɗe ido ya sauka daga dogo jim kaɗan bayan barin Kalka, 'yan Birtaniya biyu suka mutu, bincike kuma ya ɗora alhakin a kan gudu fiye da ƙima. A layin dajin Alishan na Taiwan, ranar 1 ga Maris 2003, mutum 17 suka mutu saboda an bar mabuɗin iskar birki a rufe, birkin taragai bai kama ba a gangara. A kan wannan layin dai, a watan Afrilun 2011, wani babban itace ne ya karyo ya bugi jirgin. A tsaunin Washington na Amurka, ranar 17 ga Satumba 1967, mutum 8 suka mutu domin ba a daidaita wurin sauya layi yadda ya kamata ba. A birnin Lisbon na Fotugal, ranar 3 ga Satumba 2025, igiyar ƙarfen da ke haɗa taragai biyu na jirgin gangaren Gloria ta kuɓuce, mutum 16 suka rasa rayukansu.

Ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya: gudun direba, mabuɗin birki, itace, wurin sauya layi, igiyar ƙarfe. Babu ko ɗaya da fasinja zai iya gani daga kujerarsa, balle daga wurin sayar da tikiti. Akwai mutanen da aikinsu ne su duba waɗannan abubuwa, ana biyansu albashi a kai, kuma idan an yi sakaci a naku hatsarin, bincike ne zai nuna inda yake. Abin da kai ka yi shi ne ka gayyaci abokinka ya ga halittar Allah a lokacin hutu, a cikin jirgin da dubban mutane suka hau suka sauka lafiya kafin ku. Kana yi wa kanka hukunci da ilimin da ka samu bayan taragon ya kife, alhali ranar da ka sayi tikitin ba ka da shi, kuma babu mai shi. Da abokinka ne ya matsa maka, kai ka karye, za ka ce shi ya karya ka? Na tabbata ba za ka ce ba. To, adalcin da za ka yi masa, kai ma ka cancanci ka yi wa kanka.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi magana kai tsaye a kan halin da kake ciki, inda Manzon Allah ya ce idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne zai faru, sai dai ka ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi yake aikatawa, domin faɗin "da na yi" yana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Yawanci mukan karanta wannan hadisi a matsayin hani, amma ga mutum irinka rahama ce, domin yana sauke maka kayan da ba kai aka ɗora wa ba. Maganar yayanka cewa wa ya aike ka yawo kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tafiya a bayan ƙasa domin ganin abin da Allah ya halitta ba zunubi ba ce, kuma mutane suna yin hatsari a hanyar kasuwa da ta makaranta da ta masallaci ba tare da an tambaye su wanda ya aike su ba.

Abin da ya rage a wuyanka game da abokinka ba karayar ba ce, rashin zuwanka ne. Ka yi tunanin yadda abin yake daga ɓangarensa. Yana kwance a baƙuwar ƙasa da ƙarfe a cinya, 'yan ajinsa sun wuce shi, kuma mutum ɗaya tak da ya san abin da ya faru a cikin taragon nan, wanda suke jin yare ɗaya, ya ɗauke ƙafa. Mai yiwuwa shi ba karayar yake riƙe da kai a kanta ba, shirun ne yake masa ciwo. Ka je a makon nan. Ka kira shi tukuna idan hakan ya fi maka sauƙi, ka riƙa masa abinci irin na gida, ka gaya masa gaskiya a taƙaice, cewa kunya da tsoro ne suka hana ka zuwa, ba rashin damuwa ba. Idan ya yi fushi, ka bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kada ka kare kanka, kada kuma ka cika shi da kuka har ya zama shi ne zai koma lallashinka. Daga nan sai ka nemi wani aiki takamaimai da za ka riƙa yi masa, kamar raka shi wurin gashin ƙafa, ko kai takardunsa ofishin makaranta, ko kwafo masa darussa. Zai yiwu ma ka tarar shi ma ba ya barci.

Batun magani kuma, ka fara da asibitin makarantarku ko ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje, ka ce kana son ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ya saba da waɗanda suka tsira daga hatsari. Kada kalmar likitan ƙwaƙwalwa ta razana ka, ganinsa ba ya nufin hauka. Hanyar da aka fi tabbatar da amfaninta ita ce zaman tattaunawa da ake mayar da hankali a kan shi kansa abin da ya faru, sau 8 zuwa 12 a bisa al'ada, kusan sau ɗaya a mako. A cikin zaman za ka ba da labarin ranar daki-daki, fiye da sau ɗaya, a gaban wanda ya san yadda zai riƙe ka idan abin ya taso, har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a cikin abubuwan da suka wuce. Za ku kuma bincika tunane-tunane irin su "ni na jawo" ku ga ko suna da tushe. Akwai wata hanyar da ake kira EMDR, inda mutum yake tuna abin yayin da idanunsa ke bin motsin hannun likita dama da hagu, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Makonnin farko sukan yi nauyi, wasu ma sukan ji kamar abin ya ƙaru, kada hakan ya sa ka yanke zuwa. Idan likita ya ga dacewar ƙwaya, akwai magungunan damuwa da ake bayarwa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Abin da nake gargaɗinka a kai da babbar murya shi ne sayen maganin barci da kanka. Irin su baliyam ba sa warkar da wannan ciwo, suna kama jiki, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da su ga wanda ya shiga firgici bayan mummunan al'amari. Tiramol da kodin kuwa ka san gidajen da suka rusa a garuruwanmu.

Ka kuma gaya wa likitan a duba kanka da wuyanka. Wanda tarago ya kife da shi zai iya buguwa a ka ba tare da jini ya fita ba, kuma ciwon kai mai naci, da jiri, da mantuwa, da ciwon wuya suna iya cakuɗuwa da alamomin firgici har a kasa bambance su. Idan kuwa wata rana tunanin cewa gara ba ka raye ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani a ranar, ka tafi sashen gaggawa na asibiti.

Jirgin cikin gari da ka daina hawa yana buƙatar bayani na musamman, domin a nan ne ciwon yake samun abincinsa. Duk ranar da ka kauce wa tasha, kakan ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma sai ta ɗauka gudun ne ya cece ka, ta ƙara ƙarfin tsoron. Da haka da'irar take faɗaɗa, yau jirgi, gobe motar haya a gangara, jibi fita daga ɗaki. Maganinsa komawa ne a hankali, mataki-mataki, kuma ya fi kyau ku tsara shi tare da likitan. Za ka iya farawa da tsayawa a bakin tasha kana jin wucewar jirage, ka zauna har bugun zuciyar ya ragu da kansa, kana jan numfashi a hankali kana fitar da shi a tsawaice. Idan ka maimaita hakan kwanaki har ya daina tayar maka da hankali sosai, sai ka shiga ciki ka tsaya inda ake jiran jirgi. Bayan haka ka hau tare da wanda ka amince da shi, a lokacin da babu cunkoso, ka sauka a tasha ta gaba. Sharaɗin shi ne kada ka gudu a daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, domin jikinka yana buƙatar ya shaida da kansa cewa tsoron yakan hau kuma yakan sauka ba tare da komai ya faru ba. Ka karanta addu'ar hawa abin hawa da ke Suratuz Zukhruf yayin shiga, a matsayin ambaton Allah da miƙa lamari gare shi. Babu wanda ya ce sai ka koma jirgin duwatsun nan. Wanda ke kai ka aji shi ne rayuwarka take buƙata.

Zan iya gaya maka cewa hanyoyin mota suna cin rayuka kusan miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma jirgin ƙasa ya fi mota aminci nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma alƙaluma ba su cika isa inda tsoro yake zaune ba, maimaita hawan ne yake isa.

Bidiyon nan kuwa ka daina kallonsa. Na fahimci abin da ke jan ka gare shi, kana neman daƙiƙar da za ka ce a nan ne da an yi wani abu, amma kallonsa kai kaɗai cikin dare yana sabunta firgicin ne ba tare da ya warware komai ba, kuma shi ne abu na ƙarshe da idonka ke gani kafin barci. Ka tura shi ga wani amintacce ya ajiye, sannan ka goge shi daga wayarka. Dalilin ajiyewar shi ne zai iya zama hujja. Ka tattara tikitinku, da takardun asibiti naka da na abokinka, da rahoton 'yan sanda idan an ba ku, ka tambayi ofishin ɗaliban waje abin da inshorarku ta ɗalibai ta ƙunsa da kuma hanyar neman diyya a dokar ƙasar. Irin waɗannan buƙatu sukan kasance da wa'adi, saboda haka kada a bar su sai an ji daɗi. Kai shaida ne na gani da ido, bayaninka zai amfani abokinka, zai kuma amfani masu binciken da aikinsu ne su hana a sake. A irin wannan bincike ne ake gyara layuka. Ranar da aka buɗe layin tsaunin Snowdon a yankin Wales, 6 ga Afrilu 1896, kan jirgi ya sauka daga dogo ya faɗa gangare, fasinja ɗaya ya mutu bayan ya yi tsalle daga taragon da birkinsa ya tsayar da shi daga baya. An rufe layin kusan shekara guda, aka ƙara wasu ƙarafuna da ke riƙe jirgi a kan dogo, kuma har yau yana ɗaukar mutane. Haka nan ka sanar da malamin da ke duba aikinka halin da kake ciki, da takardar likita a hannu, domin a ɗaga maka wa'adin ayyuka tun kafin rashin zuwa aji ya zama wata matsalar daban.

Idan ka dawo gida hutu kafin ka gama magani, kada ka bari ya yanke. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa. Likitocinmu sun ga irin wannan ciwo da yawa a wurin waɗanda suka tsira daga hare-hare da hatsarin mota, ciki har da fasinjojin jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022. Ka riƙo taƙaitaccen rahoto daga likitanka na can domin a ɗora daga inda aka tsaya.

Mahaifinka kuma kada ka riƙe maganarsa a zuci. Mutum ne da aka kira a waya aka ce ɗansa yana cikin jirgin da ya kife a wata duniya da ba zai iya zuwa ba, kuma iyayenmu maza da yawa ba su da wata hanyar faɗin tsoronsu sai ta umarni. Cewa da ya yi ka daina raki, a wani ɓangaren roƙo ne cewa ka tabbatar masa kana lafiya. Kada ka yi jayayya da shi a kan sunan ciwo. Ka gaya masa abin da zai iya gani a ransa: Baba, ina godiya ga Allah, amma wata huɗu ke nan ba na barci, na je wurin likita ya ce akwai magani, ina neman addu'arka. Uba ba ya ƙin wannan roƙo, kuma ka ba shi aikin da zai iya yi daga inda yake. Idan ka ga maganar za ta fi shiga ta bakin mahaifiyarka ko wani kawunka da yake jin maganarsa, ka bi ta nan. Ka sake rubuto mini bayan ka ga likitan kuma ka je wurin abokinka, ina son in ji yadda jikin nasa yake. Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya.